Daddawar Da Na Kai Wa Uwargidan Shugaba A Cikin Hula

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya bar ta da faɗi, ya ba ƙafa tafiya, ya ba ido kallo, ya ba baki labari. Ku matso ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Jatau ɗan Mantau, wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu, ba don kai ya gaza ba, sai don na saka wa malamin lissafi kwaɗo a aljihun riga. Na yi tsokana a kasuwa bakwai, an kore ni daga biyar. Amma abin da zan ba ku yau da idona na gan shi, da hancina kuma na shaƙe shi.

Mafarin tafiyar, wani bafatake ne ya zauna kusa da ni a teburin mai shayi, ya ce akwai wata ƙasa can bayan inda rana take wanke fuska, ana ce mata Madubiya. Ya ce a can matar shugaban ƙasa tana juya mutane kaf ba tare da ta buɗe baki ba. Na ajiye kofina. Ni da matata Tasalla take magana tun asuba har isha, amma ko akuyar gidanmu ba ta bin umarninta, balle ni! Na ce sai na ga wannan mata da idona, na san sirrinta.

Da na gaya wa Tasalla, ba ta ko ɗago kai daga tankaɗe ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam. In ka samo sirrin ka kawo mini in gwada a kanka." Ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin yaji, ta naɗe daddawa guda uku a ganye ta cusa a jakata. Ta ce, "Ƙasar mutane ba a san miyarsu ba."

Kwana arba'in na yi a hanya. Na ratsa wani daji wanda itatuwansa ba sa ba ka inuwa sai ka gaishe su. In ka zauna ba sallama, sai inuwar ta tattara ta koma ɗaya gefen. Na yi ta gaisuwa har muryata ta dushe. Wata tsohuwar tsamiya kuwa na gaishe ta sau uku ta ƙi amsawa, ga rana ta take. Sai na juya wajen wata 'yar aduwa da ke kusa, na shiga yabon inuwarta da ƙarfi, ina cewa ban taɓa ganin irinta ba. Ban rufe baki ba na ji sanyi ya lulluɓe ni, tsamiya ta miƙo tata har ta yi yawa. Daga nan na iske wani gulbi wanda da safe yake gudu gabas, da yamma ya koma yamma. Na zauna bakinsa na lura, ashe da tsakar rana yakan tsaya cik yana tunanin inda zai nufa. A wannan tsayuwar na naɗe wando na haye.

Da na iso ƙofar Birnin Kallau, babban birnin Madubiya, sai na tsaya baki buɗe. Duk wanda na gani ɗingishi yake yi da ƙafar hagu. Maza da mata, 'yan dako da kaya a ka, malami da buzunsa, har amarya da ake rakiyarta, ita da 'yan rakiyar duka ɗingis, ɗingis.

Mai tsaron ƙofa ya tare ni da sanda. Ya ce, "Kai baƙo, ina ɗingishinka?"

Na ce, "Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi."

Ya ce, "Wa ya tambaye ka lafiya? Ranar Talata Uwargida ta ɗingisa da hagu tana saukowa daga matakala. Magajin Kallo ya yi shela. Ko ka ɗingisa ko ka koma inda ka fito."

Na ɗingisa. Wallahi har na fi 'yan garin iyawa.

Masaukin da na samu gidan wata tsohuwa ne, Iya Tabawa, mai saƙar faifai a bayan kasuwa. Ta ba ni ruwa, ta shimfiɗa mini tabarma, ita ce kuma ta warware mini yadda abin yake. Ta ce a ƙasarsu da tsakuwa ake zaɓen shugaba duk shekara goma, kowa ya jefa tasa a tulun wanda yake so. Da Shugaba Mamuda ya ci, matarsa ba ta zauna a ɗaki ba. Ta je bakin rijiya ta wanke hannu da sabulu a gaban jama'a kafin ta ci abinci, mata suka kwaikwaya, gudawar da take kwashe yara duk damina ta ɗauke. Ta kama hannun 'yarta ta kai ta makaranta da ƙafa, kafin wata ya mutu sai da aka ƙara ajujuwa.

Iya ta ce, "Da manya suka ga haka sai suka ce kada wani alherinta ya wuce ba a gani ba. Aka naɗa Magajin Kallo, aka ba shi mutum arba'in, aikinsu su zuba mata ido su sanar da gari abin da ta yi. Da fari manyan abubuwa suke sanarwa. Yanzu ko gira ta ɗaga sai an buga ganga."

Na ce, "Ita fa, me take cewa?"

"Cewa? Ɗan nan, rabon da a ji muryarta shekara shida."

Ta kawo tuwo da miyar kuka. Na kai loma ɗaya, na ji kamar na sha ruwan wankin ƙwarya. Lami! Na ce, "Iya, a gafarce ni, daddawa ta ƙare muku ne?"

Tsohuwa ta zabura ta leƙa zaure, ta dawo tana raɗa. Ta ce shekara shida da suka wuce Uwargida ta bi ta layin masu daddawa a kasuwa, ta sa hannu ta rufe hanci da baki. Kafin la'asar an hana daddawa a faɗin ƙasa. Wanda aka kama da ita a tukunya, a saka shi a kwalekwale ba filafili, a tura shi Tafkin Rabuwa, tafkin da ba a taɓa ganin ɗaya gaɓarsa ba.

Ta ce, "Ni da kake gani shekara talatin ina daddawa, rumfata tana jikin ta mahaifiyar Uwargida. Ita Uwargidan Ladingo sunanta, ni na sha ɗora mata faranti a ka tana 'yar mitsitsiya. A cikin warin kalwa ta girma." Ta ƙara da cewa, "Girma ke nan, ɗan nan. Yana canza hanci."

Maganar ta tsaya mini a rai. 'Yar mai daddawa ta toshe hanci don daddawa? Na juya ta ta kowane gefe ba ta zauna ba. To amma cikina ya fi kaina gaggawa. Iya tana fita ɗebo ruwa, na kwance ganye na marmasa guda ɗaya a tukunyar, na iza wuta. Nufina in ba ta mamaki. Na kuwa ba ta.

Ƙamshi ya tashi ya haura katanga. Iya ta shigo ta saki tulu, ta ce, "Wayyo ɗan nan, ka kashe ni!" Ba ta rufe baki ba sai ga dogaran hanci su huɗu sun faɗo gidan suna ɗingishi suna shinshine-shinshine. Su aikinsu ke nan, hancinsu kamar na kura.

Na ce, "Tawa ce, ni na zuba, tsohuwa ba ta sani ba."

Babbansu ya ce, "Baƙo ba ya laifin miya sai ya kwana bakwai. Tukunyar wa?"

Iya ta ce a hankali, "Tawa ce."

Suka zazzage jakata suka ɗauke ta biyu. Ta ukun kuwa tuni na tura ta cikin hula na danna a ka. Ɗayansu ya matso yana jan hanci wajen kunnena. Sai na yi kamar ɗingishi ya kwashe ni, na faɗa kan ƙullin garin yajin Tasalla, ya fashe. Atishawa ta kaure. Su huɗu suna hawaye suna majina, hancin da suke taƙama da shi ya mutu murus. Ni na tsira da hulata, amma suka tafi da Iya. Babbansu ya waiwayo yana share ido, ya ce, "Jibi ranar kasuwa, da azahar za a tura ta."

Na yi tsokana iri-iri a duniya, amma ban taɓa sa tsohuwar da ta ba ni tabarma a bakin halaka ba. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai na ga Uwargida. Na je ƙofar gidan shugaba, aka kore ni. Na koma, aka kore ni da sanda. Wata mai ƙosai da ta ga ina ta zarya ta ce, "Malam, kada ka gajiyar da ƙafarka mai lafiya. Ba mai zuwa gabanta sai wanda ya yi mata ƙaryar motsi. Shi ake kaiwa, a faɗi abin da ya ce ta yi, ita kuma ta gyaɗa kai ko ta girgiza. In ta girgiza, kwalekwale."

Na ce, "Ƙarya kawai ake bukata?"

Ta ce, "Ita kaɗai."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka, kin kawo ni gida."

Washegari da hantsi na ɗauki ludayin Iya na saƙala a bayan kunne kamar alƙalami, na shiga kasuwa ina tafiyar manya, ban kula kowa ba. Wani mahauci ya ce, "Malam, lafiya?" Na dube shi da tausayi, na rage murya, na ce, "Au, ba a gaya muku ba tukuna? To ban ce komai ba." Shi ke nan. Kafin azahar ludayi ya ƙare a Birnin Kallau. Alƙali da ludayi, liman da ludayi, wani mai ƙaton kai da bai samu ba ya ɗaura muciya da tsumma. Mata suna ta kuka a gidaje ba abin kwasar miya.

Da la'asar Magajin Kallo ya zo da kansa, wani dogo mai jan ido saboda rashin ƙiftawa. Ya ce, "Kai ne ka yi shelar da ban yi ba?" Na ce ni ne. Aka tsare ni, aka ce gobe da tsakar rana a gaban Uwargida. Goben nan kuwa ita ce ranar Iya.

An shigar da ni wani ɗaki mai faɗin fili. A tsakiya ga mace zaune kan kujera, ba ta motsi, kamar an sassaƙa ta. Ba tsohuwa ba ce, amma fuskar ta gaji. A kewaye, can sama kan benaye, masu kallo arba'in sun leƙo, kowa da rabonsa. Wannan girar dama, wancan ƙaramin yatsa, wani gefen leɓe. Ni kuwa aka durƙusar da ni a ƙasa daf da ƙafafunta.

Magajin Kallo ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan baƙo ya ce kin saƙala ludayi a kunne. In ƙarya ne, a girgiza."

Na ga wuyanta ya fara shirin juyawa. Wuf na cire hula.

Daddawar nan ta kwana biyu tsakanin gumina da hula, ku ƙiyasta da kanku. Ƙamshi ya cika ɗakin. Hannun Uwargida ya tashi ya rufe hanci da baki. Sama ta ɗauka gaba ɗaya, "Ta toshe! Ta toshe!" Dogarai suka yo kaina.

To amma ni daga ƙasa nake kallo. Su arba'in ɗin nan ba wanda aka ba maƙogwaro, don daga sama haɓa tana tare shi. Ni na ga maƙogwaron ya hau ya sauka. Yawu ta haɗiye. Na ga kuma wani ɗigo ya gangaro ta ƙarƙashin tafin hannun.

Na ɗaga murya na ce, "Ranki ya daɗe, zancen ludayi ƙarya na yi, ba sai kin wahalar da wuyanki ba. Tambaya na zo yi."

Magaji ya daka tsawa, "Ba a tambayarta! Kallonta ake yi!"

Na ce, "Ni baƙo ne, ban kwana bakwai ba. Ranki ya daɗe, wari kike ji ko kewa?"

Hannunta ya sauka a hankali. Fuskar sharkaf da hawaye. Ta buɗe baki, murya ta fito a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta ce, "Ta kalwa ce?"

Wani mai kallo ya suma a sama, na ji faɗuwarsa.

Na ce, "Ta kalwa ce, matata ta yi."

"Miƙo."

Ta gutsura, ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina. Ta ce, "Ta yi gaggawar buɗe ta. Da ta ƙara mata kwana ɗaya a rufe."

Na ce, "Kullum haka nake gaya mata." Wannan ma ƙarya ce, amma ƙarama.

Ta ce, "Ranar da na bi ta layin masu daddawa, kwana arba'in ke nan da rasuwar innata. Ƙamshin ya buge ni, na ga rumfarta ba kowa. Na san in na yi kuka a fili ƙasar nan kaf sai ta yi kuka, har jariran da ba su san ta ba. Shi ya sa na rufe fuska."

Na ce, "To su toshe hanci suka gani. Shekara shida an hana daddawa a ƙasar nan saboda hannun nan naki."

Ta juya ta dubi Magaji, shi kuwa ya dubi silin. Ta ce, "Shekara shida ina cin miya lami, ina zaton masu girkina ne ba su iya ba."

Na ce, "Me ya hana ki tambaya?"

Ta ce, "Na taɓa tambayar me ya sa ruwan wata rijiya ya yi ja. Kafin yamma an cike rijiyar, unguwa guda ta koma ɗiban ruwa a rafi. Tun ranar na kulle bakina, na ce in ban yi magana ba, ban motsa ba, ba wanda zan cuta."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yau da azahar za a tura Iya Tabawa Tafkin Rabuwa. A tukunyarta aka samu, amma ni na zuba."

Ta miƙe tsaye. "Iya Tabawa tana da rai?"

"Zuwa azahar dai."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya da kiran sallar azahar. Uwargida ta sunkuya ta fizge takalmin hagu ta yi jifa da shi, ta ce, "Wannan ne yake matsa mini tun Talata!" Ta cire ɗayan, ta tattare zane, ta fita da gudu. Masu kallo talatin da tara suka zubar da takalma suka biyo ta. Muka ratsa kasuwa, duk wanda ya gan ta sai ya watsar da takalmi ya ruga. Ni ina baya da hulata a hannu, na ma manta wace ƙafa ce ta ɗingishi.

Mun iske Iya a zaune cikin kwalekwale da ɗan ƙullin kayanta, dogari ya dafa gindin jirgin zai tura. Uwargida ta ce, "Dakata!"

Dogari ya dubi Magaji. Magaji yana haki ya ce, "Ranki ya daɗe, hukunci ne mai sa hannun shugaba. Mu kuma motsi aka ba mu mu sanar, ba a ba mu magana ba."

Ta ce, "Motsi kuke so?" Ta taka cikin ruwa, ta haye kwalekwalen, ta zauna kusa da Iya. Ta ce wa dogari, "To tura."

Iya ta ƙura mata ido, ta ce, "Ladingo? Ke ce kika rame haka? Matsa, kin zauna mini a kan zane."

Jama'a fa sun ga Uwargida ta shiga tafki. Ba a jira ganga ba. Dubban mutane suka fara naɗe riguna suna faɗawa ruwa, masu ludayi a kunne da marasa shi. Magajin Kallo, da yake shi ne shugaban kwaikwayo, dole shi ne a gaba, ga shi bai iya iyo ba. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, jan idon nan ya fara ƙiftawa a karo na farko.

Sai ga wani ɗan gajeren mutum ya kutso da takarda a hannu. Ashe Shugaba Mamuda ne, yana tsakiyar jawabi a kasuwa ya ɗago kai ya ga ba kowa sai takalma. Ya tsaya bakin ruwa ya ce, "Uwargida, ina zuwa haka?"

Ta ce, "Inda ka sa hannu a kai innata ta biyu."

Ya ce, "Cewa aka yi ke kike so."

"Ka tambaye ni?"

"An ce fuskarki ta faɗa."

"Gida ɗaya muke kwana, Malam."

Shugaba ya sunkuyar da kai, ya ce, "To in tafiyar ce ku matsa mini, ni ma shekara shida nake cin wannan miyar." Ya karɓi takardar hukunci daga hannun dogari, ya yayyaga ta, ya watsa a ruwa. Mutane ba su yaga komai ba, don shi ba a kwaikwayonsa.

Uwargida ta miƙe cikin kwalekwale, Iya tana riƙe da ƙafarta kada ta faɗi. Ta ce, "Ku fito daga ruwan nan kafin ku yi mura. Ni Ladingo ce, 'yar mai daddawa. Ina atishawa, ina tuntuɓe, takalmi yana matsa mini. Daga yau wanda bai gane abin da na yi ba ya zo ya ce, me kike nufi? Ina da baki."

Ni na jawo Magaji da muciyar mai ƙaton kai, ya fito tsamo-tsamo. Ita kuwa Iya da aka sauko da ita ta kama kunnena ta murɗe, ta ce, "Ina ludayina?"

Sati guda na ƙara a garin. Na ga Uwargida da Iya zaune a bayan kasuwa suna wanke kalwa, mata sun kewaye su ana ta musu kan kwana nawa ya kamata a rufe ta. Ranar da zan tafi, mai tsaron ƙofa ya tare ni da sandarsa. Na ce, "Sai wata rana." Ya ce, "Me kake nufi?" Na waiwaya na ji gari duka ya ɗauka, mai saye da mai sayarwa, miji da mata, kowa me kake nufi, me kike nufi. Hali dai ba ya fita rana ɗaya, amma wannan kwaikwayon bai tura kowa tafki ba.

Na sake haye gulbi da tsakar rana, na gaishe da tsamiya ta amsa. Bayan kwana arba'in na yi sallama a ƙofar gidana. Tasalla ta fito, ta dube ni sama da ƙasa, ta sa hannu ta rufe hanci da baki. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe baiwar Allah kewata ta yi har tana ɓoye hawaye. Amma da yake na yi karatu a Madubiya, sai na tausasa murya na ce, "Tasalla, me kike nufi?"

Ta ce, "Nufina ka je ka yi wanka, hular nan kuma ka ƙone ta."

Nan tafiyata ta tsaya, nan bakina ya gaji. Wanda ya ce ƙarya na yi, hular tana nan ban ƙone ba, ya zo ya shinshina.